Inda Dogo Ya Ƙare: Wunin Tafiya Daga Kano Zuwa Nguru

Wanda ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Nguru ya bi ƙarfen dogo da ido, ba zai daɗe ba zai ga inda ya ƙare. Ƙarfen nan ya taso tun daga bakin teku a Ikko, ya ratsa Badun da Ilori, ya haye kogin Kwara a Jebba, ya wuce Kaduna da Zariya da Kano, tafiyar fiye da kilomita 1,300, sannan ya zo garin nan ya tsaya cak. A 1930 aka kawo shi, kuma tun daga lokacin ba a ƙara masa ko taku ɗaya zuwa gabas ba. Ga Gashuwa nan, kilomita 60 da 'yan kai, ba ta taɓa jin jiniyar jirgi ba.

Mu mazauna Hausari a Nguru, da 'yan'uwanmu na Zango da unguwar Sarkin Hausawa a Gashuwa, in aka bi salsalar gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, da yawa a bakin tashar nan za a tsaya. Wani kakansa Bakano ne, wani Bakatsine, wani daga Haɗeja ko Kazaure ko Damagaram, amma labarin zuwan kusan iri ɗaya ne: ya hau jirgi da nufin ya yi rani guda ya koma, sai ga jikokinsa suna aurar da 'ya'ya a nan. Yaran yanzu sun san tasha a matsayin fili da tsofaffin gine-gine. Shi ya sa ya kamata a faɗa musu yadda wunin tafiyar nan yake, domin wunin nan shi ne ya mai da matafiyi mazauni.

Kafin nan, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Jirgi ya tarar da Nguru tsohon gari ne. Tun ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadiman Borno, wanda aka ɗora wa tsaron yammacin daular, kuma Mangawa suna zaune a ƙasarsu da sarautunsu da gishirinsu. Hausawa ma ba baƙin hanyar ba ne. Fatake sun daɗe suna bin ta da jakuna da takarkarai, su kai tufafin Kano da goro, su komo da kanwa da mangul. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya bi wannan yanki a 1851: ya bar Kano a watan Maris, ya biyo ta Gumel da Machina, bai shiga Kukawa ba sai 2 ga Afrilu. Fiye da mako uku ke nan a kan hanya. Bafatake a wancan zamani mai wucewa ne. Ya sauka a zango, ya huta da dabbobinsa, madugu ya ce a tashi, a tashi. Abin da jirgi ya sauya shi ne ya ba shi dalilin zama.

Shi kuwa jirgin, gyaɗa ce ta jawo shi. Dogo ya iso Kano a 1911, daga Baro, bayan an tara dubban leburori ta hannun hakimai da dagatai, wasu da son ransu, da yawa ba da shi ba. Turawa auduga suka sa rai za su riƙa kwasa don masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in kasuwa ta ƙi ana iya cin ta. Tun kakar 1912 buhunan gyaɗa suka fi ƙarfin taragun da ake da su. Da abin ya kankama sai aka shiga miƙa rassa zuwa inda ƙasa ke da jigawa mai son gyaɗa: reshe ɗaya daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ɗayan daga Kano ya biyo ta Ringim ya kai Nguru a 1930, mil 143, wato kimanin kilomita 230. Abin takaici, an buɗe hanyar daidai lokacin da kasuwannin duniya suka karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas. Waɗanda suka fara zuwa ba daula suka tarar ba.

To, yanzu ga tafiyar. Kilomita 230 a yau direban ƙaramar mota zai ce maka awa uku ko huɗu ne in hanya ta yi kyau. A jirgin Nguru wuni ake yi. Yi lissafi da kanka: ko da a ce jirgin yana cin kilomita 30 a awa, ka doshi awa takwas ke nan ba tare da an tsaya ko'ina ba, alhali kuwa tsayawar ita ce rabin tafiyar. Jirgi ne na gamin-gambiza, taragun fasinja da na kaya a jere ɗaya. Duk tashar da ke da tarago da za a ajiye ko a ɗauka, sai kan jirgi ya rabu da ku ya tafi ya yi ta kai da komo, ku kuna zaune kuna jin ƙarar ƙarafa suna gwaruwa.

Sammako ake yi zuwa tashar Kano, don layin tikiti ba ya ragar wa mai nawa. Taragun hawa uku ne, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma ba sai an faɗa muku wanda kakanninmu suke shiga ba. Benci ne na katako. Wanda ya riga ya samu gefen taga, wanda ya makara ya zauna kan ƙunshinsa a tsakiyar hanya. Ga huhun goro, ga dilar yadi, ga kwallaye da tasoshin 'yan koli, ga almajirai da allunansu za su gabas neman karatu, ga amarya da 'yan rakiyarta. Kafin a wuce Jogana kowa ya san inda maƙwabcinsa za shi da abin da zai kai shi. Ciniki nawa aka ƙulla a kan bencin nan, aure nawa, Allah kaɗai ya sani.

A zamanin kan jirgi mai tururi, kwal ake ƙonawa, wanda ake haƙowa a Inugu a turo shi Arewa. Taga kuwa ta zama abin gardama. Ka buɗe, hayaƙi da burbushin kwal su cika maka ido, wani lokaci tartsatsi ya huda maka riga. Ka rufe, zafi ya dafa ku. A watan Afrilu, lokacin da zafin yankin nan ke haura digiri 40, rufin tarago kamar tanda yake. Da hunturu kuma ƙura ce, mutum ya sauka fari fat har gira, ba a bambanta attajiri da yaronsa. Da damina fargaba ɗaya ce: kada ruwa ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, a wayi gari a daji ana jiran leburori su zo su gyara. Shi kansa kan jirgin mai ƙishirwa ne, sai an tsaya an ɗura masa ruwa, kuma kowa ya san ruwa a hanyar nan ba abin wasa ba ne.

Tsayawar tana da nata daɗin. Zakirai, Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa: kowace tasha kasuwa ce ta 'yan mintuna. Fulani da ƙwaryar fura da nono, yara da ƙosai da dafaffen ƙwai da rogo da rake, ana miƙa kaya ta taga ana miƙo canji, jirgi ya motsa mai talla ta bi shi da gudu tana neman kwanonta. Nan ake cika buta, nan ake shimfiɗa buzu a gefen dogo a yi azahar da kunne ɗaya a wajen usur ɗin gadi. Gagarawa ita ce ƙofar Gumel, Malam Madori kuma ta Haɗeja, tun da dogon bai shiga biranen sarakunan biyu ba. Malam Madori ma misali ce ta kusa da za mu duba kanmu a ciki: tasha ce ta raine ta, kantunan sayen gyaɗa suka zauna, baƙi suka taru, ta zama gari.

Wanda ya dace da taga kuwa, ya ga ƙasa tana sauya kama a gabansa. Daga Kano gonaki ne a manne da juna, ba daji ko kaɗan, ƙauye na kallon ƙauye, ga ɗorawa da tsamiya da rimi da gawo a tsakiyar gonaki, ga kuka tsaye kamar dattijon da ya ƙi tashi daga fada. Wajen Ringim iskar fadamar kogin Haɗeja takan taɓa mutum. Daga Gagarawa sai itatuwa su fara ja da baya da juna, yashi ya fito, tudun rairayi ya miƙe ya kwanta, ya miƙe ya kwanta, irin jigawar da aka samo sunan jihar daga gare ta. Goruba da kaba su karɓi wuri, da aduwa da farar ƙaya da ɗakwara mai ba da ƙaro. Mutum ya gama sallamawa cewa hamada zai shiga, sai kuma ya iso ƙasar tafki. Balbela fari fat a kan ruwa, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, garken kirinjijiya da dinya, in kuma hunturu ne har da tsuntsayen da suka tsallako daga Turai. Wanda ya taso a Fagge ko Ƙofar Mata bai taɓa zaton akwai ruwa haka a arewa maso gabas da shi ba.

Bari in ɗan ratse. A wasu ƙasashe akwai mutanen da jirgin ƙasa shi ne abin sha'awarsu, su tara kuɗi su ƙetare teku don kawai su wuni a tarago. Duwatsu suka fi so. A Indiya akwai ƙaramin jirgin Darjeeling da aka buɗe a 1881, mai faɗin dogo ƙafa 2, wanda ke hawa sama da mita 2,200 cikin tafiyar kilomita 88, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999. Mu ma a Arewa mun taɓa yin irinsa: ƙaramin jirgin da ya tashi daga Zariya ya haura tsaunukan Jos don kwaso kuza, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, an gama shi a 1914, aka rufe shi a 1957, ragowarsa tana ajiye a wajen gidan tarihi na Jos. Namu na Nguru ba shi da dutse ko na jifan kare. Gangara ce ma a hankali, daga tudun Kano mai kimanin mita 480 zuwa namu mai kimanin 340. Amma hayaƙin nan da bencin katakon nan da jinkirin nan da masu sha'awa ke biyan kuɗi su ɗanɗana, su ne kakanninmu suka sha don neman abinci, kuma ba wanda ya ɗauke su hoto.

Ana isowa Nguru a gajiye liƙis, kuma a nan ne tarihin unguwarmu ya fara. Baƙo ba ya kwana a tasha. Akwai maigida, wanda a nan gabas ake ce wa fatoma, mai saukar da mutanen garinsu. Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kuɗi, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in an ba ka bashi, ya ɗauki la'adarsa. Yaron da ya sauka hannu rabbana yakan fara da dako, ya ɗauki buhu daga sikeli zuwa tarago. In yana da gaskiya, baɗi a ba shi kuɗi ya shiga ƙauyuka awon gyaɗa. In Allah ya yi masa buɗi, bayan 'yan shekaru shi ma ya yi zaure yana saukar da wasu. Sai ya aika gida a kawo masa mata, ko ya nema a nan cikin Mangawa, shi ya sa gidajenmu da yawa ake gaisuwa da harshe biyu.

Abin da ya sa Nguru ta fi sauran tashoshi shi ne kasancewarta ta ƙarshe. Duk abin da ƙasar gabas da arewa ta haifa, nan yake taruwa: daga Machina, daga Yusufari, daga Gaidam, daga tsallaken iyaka a ƙasar Nijar. Gyaɗa, ƙaro, kiraga da fatu, kanwa, bandar kifi, shanu da tumaki. Manyan kamfanonin Turawa na zamanin, irin su UAC da John Holt, su ne a saman cinikin amfanin gona a Arewa, Kwarori a tsakiya, 'yan baranda a ƙasa, manomi a can ƙarƙashin kowa. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ta gwamnati ce ke yanka farashi, kuma abin da take ba manomi bai kai abin da take samu a waje ba. Wannan ma yana cikin tarihin arzikin tashar, bai kamata a ɓoye shi ba.

Sana'ar da ta fi fitar da sunan Nguru a Kudu ita ce ta nama. Mahauta suna yanka, a dafa, a busar a kan wuta, a cika buhuna a loda zuwa Badun da Ikko, inda Yarbawa ke kiransa tinko ko kundi. Daga baya har mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi aka gina. Shanu masu rai kuma a tarago suke tafiya, da 'yan rakiya a cikinsu suna ta da wadda ta kwanta kada a tattake ta, kwana da kwanaki. A can ƙarshen hanya Hausawan Sabo ta Badun ne ke karɓa, su kuma su turo goro. Ka ga ashe zango biyu ne a bakin zare ɗaya, mu a nan, su a can.

Ga mutumin Gashuwa kuwa, saukar Nguru ba ita ce ƙarshen wahala ba. Sai ya kwana, gari ya waye ya nemi akori-kura, ya hau saman kaya, a shiga yashi. Mota ta kafe a sauko a tura. Duk da haka kusancin nan da bakin dogo ya ɗaga Gashuwa. Tana bakin kogi, tana kan hanyar Gaidam, kifi da gyaɗa da fatu suna ratsa ta. A 1946, zamanin Mai Umaru Sulaiman, aka dawo da hedikwatar masarautar Bade daga Gogaram zuwa Gashuwa. A ganina wannan ƙaura ba ta rasa nasaba da inda hanya da kasuwa suka karkata. Badawa suka karɓi baƙi, har ga shi yau sunan Sarkin Hausawa yana cikin sunayen mazaɓun garin.

Wanda ya dubi taswira zai ce ai daga Nguru dogo zai zarce Gashuwa da Gaidam ya kai Maiduguri. Ba haka aka yi ba. Da aka tashi kai jirgi Borno, da rancen Bankin Duniya na 1958, sai aka tsago shi daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauci da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Daga ranar Nguru ta daina zama ƙofar Borno ita kaɗai. Ni a wurina nan ne faɗuwar ta fara, tun kafin kowa ya lura, domin a shekarun nan kasuwar gyaɗa tana kan ganiyarta.

Sauran kuma suka biyo a jere. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka kwashe ƙwararrun ma'aikatan reluwe 'yan Kudu maso Gabas daga Arewa. Farin 1973 ya ƙone gonaki ya kashe dabbobi. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta gama da abin da ya rage, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Kuɗin man fetur ya shimfiɗa kwalta, tirela ta ƙwace kayan da tarago ke ɗauka, tun da ita har ƙofar shago take kaiwa kuma ba ta jiran ranar jirgi. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Ta gefen ruwa ma an taɓa mu: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke zuwa fadama, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ji a jikinsu. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, na farko a Nijeriya, amma takarda ba ta cire kachala.

An yi ta ƙoƙarin ta da reluwe. An kawo Indiyawa suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, an kawo kamfanin CCECC na Sin a 1995, an sake buɗe hanyar Ikko zuwa Kano a ƙarshen 2012. Jirgin Nguru ya yi ta farfaɗowa yana komawa, ya zo yau, a daɗe ba a gan shi ba. Mutanen unguwa kuwa ba su zauna jiransa ba. Jikokin 'yan dako su ne direbobi da 'yan kamasho, jikokin masu awon gyaɗa sun koma riɗi da zoɓo da shinkafa, kasuwar dabbobi tana ci, tirela ce dai ke ɗauka.

Abin da ke damuna shi ne abin da ya rage a ƙasa. Dattawan da suka yi tafiyar nan a zamanin tururi saura ƙalilan, kuma ba mu zauna da su da biro ko da wayar ɗaukar murya ba. A gidaje da yawa akwai tsohon tikiti, ko rasiɗin loda kaya, ko littafin bashin wani fatoma a cikin adaka, gara tana ci. Waɗannan su ne shaidar ranar da muka zo da abin da muka kawo, kuma unguwar baƙi tana buƙatar shaidarta fiye da kowa, musamman ranar da aka tashi maganar wane ne ɗan ƙasa wajen takardar shaida ko gurbin makaranta. Filin dogo ma haka. Ko'ina a ƙasar nan ana kama masu kwance ƙarafan reluwe suna sayar wa 'yan gwangwan, ana kuma cin filin da gini kaɗan-kaɗan. Hanyar da aka cire wa ƙarfe aka gina gidaje a kanta, ba gwamnatin da za ta dawo da ita.

Sababbin jiragen da ake yi yanzu, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, faɗin dogonsu milimita 1,435 ne. Namu na 1930 milimita 1,067 ne, ƙafa 3 da inci 6, don haka tarago ɗaya nasu ba zai hau shi ba. Sabuwar hanyar da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021 daga Kano za ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ta kai Maraɗi, da reshe ɗaya zuwa Dutse. Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa da Nguru suna nan kan tsohon ma'auni.